Ina aikin ke lalacewa, a hannu ko a kunne?

Tela_Domayo: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tunda zauren nan ya haɗa teloli, makanikai, ma'aikatan asibiti da magina, ina da maganar da nake so mu baje. A ganina mafi yawan rigimar da ake yi tsakanin mai sana'a da wanda ya kawo masa aiki ba rashin iyawa ke jawo ta ba. Tun a minti biyar na farko ake ɓata lamarin, lokacin da mutum ke bayani mu kuma hankalinmu na kan almakashi ko waya. Mace za ta kawo turmin atamfa yadi 6, ta nuna hoto, ta ce "irin wannan, amma kar ya matse." Yaron shago ya auna, ya rubuta, ya yanka. Ranar karɓa ta ce ba haka take nufi ba, alhali atamfa ta riga ta ji almakashi. Tambayata biyu ce. A sana'arku me kuke tambaya kafin ku taɓa aiki? Kuma sauraro abu ne da ake koya wa yaro, ko hali ne da ake haifar mutum da shi?

Gareji_Yelwa: Wa alaikumus salam Malam Tela. A wajenmu rabin gyara yana bakin mai babur. Idan ya ce "yana ƙara" bai faɗa maka komai ba tukuna. Sai ka bi shi: ƙarar da safe take fitowa inji na sanyi, ko sai ya ɗau zafi? Lokacin taka birki, lokacin sa giya, ko sai an faɗa rami? Ƙarar da ke zuwa da rami ta shafi ƙafa da abin da ke riƙe da ita, wadda ke hawa da sauka tare da wutar inji tana ciki. Wanda bai tambaya ba zai kwance inji a banza, ya ci wa mai kulando, wato ɗan acaba, yini guda, shi kuwa a wannan yinin yake fitar da kuɗin mai babur da na cefane. Tambayar da ta fi kowace wahalar samun amsa ita ce ta mai. Kowa ya san ana shan zuwa-zuwa na kwalba a bakin titi daga Garwa har Marwa, amma in ka ce "ka zuba gurɓataccen mai ko?" zai rantse daga gidan mai yake sha. In ka ce "a wane lungu ka sha na ƙarshe, don akwai wanda ya shigo kwanan nan da datti," nan take zai faɗa, kai kuma ka wuce kai tsaye ka wanke kafireta ka duba buji.

Nas_Kuseri: Abin da Yaya Gareji ya faɗa shi ne ainihin maganar. Yadda ka jefa tambaya shi ke yanke ko za a gaya maka gaskiya. A fanninmu an auna wannan. Wani bincike da aka yi a Amurka a 1984 ya gano cewa likita kan katse marar lafiya bayan kimanin sakan 18 da fara bayani. A 2002 kuma a birnin Basel na Suwizalan aka bar marasa lafiya su yi magana ba mai tare su, sai aka ga matsakaicin abin da suke ɗauka sakan 92 ne, kashi 78 cikin ɗari sun gama cikin minti biyu. To ka ga tsoron da muke yi cewa in aka sake wa mutum baki ba zai tsaya ba, yawanci tsoro ne kawai.

Abu na biyu, sunan da marar lafiya ya kira ciwonsa da shi ba shi ne ciwon ba. "Basir" a bakin mutanenmu na iya zama kumburin ciki, bushewar bayan gida, zubar jini, har raunin mazakuta. "Sanyi" na iya zama mura, ciwon gaɓoɓi, ko cutar da mace ke jin nauyin ambata. Idan ka rubuta magani a kan kalmar, ka yi wa kalma magani. Ka ce "nuna min wurin da hannu," "tun yaushe," "me ke ƙara shi." Kuma kar ka rufe sai ka ce "akwai wani abu kuma?" Sau da yawa abin da ya kawo mutum asibiti shi yake ajiyewa sai ya miƙe zai fita.

Alhaji_Kanti237: Ku yi haƙuri, ni ban yarda da ku gaba ɗaya ba. Wannan tausayin da ake ta yabo shi ke rufe shaguna. Ka saurari mutum ya kawo maka labarin matarsa ba lafiya, kuɗin auduga ba su fito ba, ka tausaya ka ba shi buhun shinkafa bashi, ya koma saye a layin baya don kar ku haɗu. Ka rasa kuɗi, ka rasa mai ciniki.

Hajiya_Baladji: Alhaji, ka haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Fahimtar halin da mutum ke ciki daban, ɗaukar masa kayansa a kanka daban. Wanda ya saurara da kyau ma shi ya fi iya ba da bashi ba tare da ya ƙone ba, domin ya san daga ina kuɗin za su fito da kuma yaushe. Ma'aikacin gwamnati ƙarshen wata. Manomin auduga sai kamfanin auduga na Sodecoton ya biya. Mai masakuwa sai an girbe a watan Fabrairu ko wajen nan. Makiyayi sai ranar kasuwar shanu. In ka ce wa manomi "sati biyu" zai ce to saboda kunya, shi ya san ba zai iya ba, kai ma da ka yi tambaya ɗaya da ka sani. Daga nan ne gudun ke farawa. Ka tambaye shi ranar da kuɗi ke shigo masa, ka rage yawan kayan zuwa abin da za ka iya jurewa in ya makara, ku rubuta a littafi a gabansa, ka karanta masa. In kuwa ba za ka bayar ba, ka ce a'a tun yau da sakin fuska. "Ka dawo gobe mu gani" ta fi a'a cin rai, domin ka sa shi ya kashe kuɗin babur sau biyu.

Alhaji_Kanti237: Hajiya na ji batun ranar biya, wannan gaskiya ne. Amma akwai wanda ko wace rana ka sa masa ba zai biya ba.

Hajiya_Baladji: Akwai mana. Shi ma a bakinsa ake gane shi. Wanda ke da niyyar biya yana jayayya a kan farashi da rana. Wanda komai ka faɗa ya ce "ba matsala" tun ba ka rufe baki ba, a kula da shi.

Tela_Domayo: Bari in dawo da mu kan atamfar nan, don in nuna abin da "kar ya matse" ke iya ɗauka. Tana iya nufin a saki hannu don ta iya ɗaga shi in tana aiki. Tana iya nufin mijinta ko surukarta ba sa son kayan da ke bin jiki. Tana iya nufin tana da ƙaramin ciki, kuma ba za ta taɓa gaya wa tela namiji haka ba, ko da ita ce ta biya kuɗin. Tana iya zama mai shayarwa, tana buƙatar zif a gaba ba a baya ba. Ba za ka tambaye ta "kina da ciki?" ba, wannan rashin ta ido ne. Abin da ake cewa shi ne, "Hajiya, na yau da gobe ne ko na biki? Kina so in bar wuri a ciki ko da za a buɗe nan gaba?" In ta ce a bari, ka bar santimita 3 zuwa 4 a kowane gefe cikin ɗinki, ba ka tambayi dalili ba, ita ma ba ta faɗa ba, kowa ya fita da mutuncinsa. Wadda ba ta son namiji ya auna ta, a ce ta kawo rigar da ta fi jin daɗinta, sannan a tambaye ta me take so a canza a jikin rigar, don ba kowace rigar da aka kawo ce ta yi daidai ba.

Sai awon waya. Tef ɗinmu fuska biyu ne, inci da santimita. Wanda ya turo awo daga Mubi ko Yola da inci yake magana, mu nan yawanci da santimita. Inci ɗaya santimita 2.54 ne. In ya ce tsawo 58 yaro bai tambaya ba, lissafa irin rigar da za ta fito.

MaiWaya_Dembe: Wannan na inci ya tuna min da na kuɗi, wanda ke haddasa faɗa kullum a nan Injamena da Kuseri. Mai magana da Larabcin Chadi da riyal yake lissafi, riyal ɗaya kuwa sefa 5 ne. In ya ce "miya" ɗari biyar yake nufi, in ya ce "alif" jaka biyar, wato sefa dubu biyar. 'Yan'uwanmu da suka saba da lissafin Nijar su kuma dala suke ƙirgawa, dala ɗari biyu ita ce jaka guda. Wani da Faransanci yake tunani, wani da naira. Sai ka ga an yi ciniki an sha hannu, kowa da adadin da ke kansa. Maganinsa mai sauƙi ne, ka buga lambar a waya ka juya masa ya gani, ko ka fito da takardar kuɗin ka ce irin wannan guda nawa.

A gyaran waya kuma, mutum zai ce gilashi ya fashe, amma abin da ke hana shi barci hotunan iyalinsa ne da saƙonnin murya da asusun Airtel Money ko Orange Money. Kafin ka karɓa, cire layi da katin ajiya ka miƙa masa a hannu. In aikin bai buƙatar buɗe waya, kar ka nemi lambar sirri, in yana buƙata ka gwada a gabansa. Kuma kar ka taɓa goge waya sai ka faɗa da baki cewa komai na ciki zai tafi, ka tambaya ko ya tuna adireshinsa na Google da kalmar shiga. Da yawa wani ne ya buɗe musu a kasuwa, ba su san shi ba, in ka goge wayar ta kulle tana neman asusun, gyara ya koma ɓarna.

Dalibi_Dang: Iyayena ina koyo sosai. Amma Anti Nas, wanda ke da mutum sittin a layi daga safe zuwa azahar, ina zai samo minti biyu-biyun nan?

Nas_Kuseri: Ƙanena yi lissafin da kanka. Mutum sittin sau minti biyu awa biyu ne, ba ƙaramin abu ba ne, ban musa ba. Amma ba ƙari ba ne a kan aikin, tambayoyin da za ka yi ta jefawa daga baya ne ya amsa maka su a dunƙule. Wanda kuma aka sallama bai fahimta ba gobe yana cikin layin nan, ya ƙara tsananta. Inda lokaci ya ƙure ƙwarai, akwai abu uku da ba sa cin minti: ka zauna maimakon tsayuwa a kansa, ka ɗaga ido daga rajista lokacin jimlarsa ta farko, ka kira shi da Baba ko Inna ko Malam gwargwadon shekarunsa, ba "mai bi" ba.

Farmasi_Kakatare: Ni inda nake so in ƙara shi ne bayan an gama sauraro, wato tabbatar da cewa shi ma ya ji ka. "Ka gane?" tambayar banza ce, ba wanda zai ce bai gane ba a gaban layi. Ɗauki maganin zazzaɓin cizon sauro na artemeta da lumefantirin. Sha shida ne cikin kwana uku: na farko yanzu, na biyu bayan awa 8, sannan safe da dare kwana biyu. Babba ƙwaya huɗu kowane sha in mai ƙaramin ƙarfi ne, 24 ke nan, kuma yana son abinci mai ɗan maiƙo ko nono don jiki ya ɗauke shi. Abin da ke faruwa, mutum ya sha kwana ɗaya da rabi, jiki ya yi sanyi, ya ajiye sauran don yaro in ya kamu. Ba wauta ba ce, lissafin talaka ne. In ba ka taɓo wannan da bakinka ba zai yi. Sai ka ce, "Baba, don in tabbata ban manta komai ba, in ka je gida yaya za ka sha?" Ka ɗora laifin mantuwa a kanka, shi kuma ya maimaita ba tare da ya ji ana yi masa jarrabawa ba.

Haka ruwan gishiri da sukari na gudawa. Fakiti ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a zubar da abin da ya rage bayan awa 24, a haɗa da zinki na kwana 10 zuwa 14. Uwa ba ta da ma'aunin lita, don haka ka tambaye ta da me take ɗiban ruwa a gida. In gorar lita ɗaya da rabi ce, ka nuna mata inda za ta tsaya. Wanda kuma ba ya karatu, a zana masa rana da wata a jikin kwali. Da azumi ma a tambaya kai tsaye ko zai yi, don wanda aka ba maganin sha uku a rana ba zai ce komai ba, zai je ya haɗe su tsakanin buɗa-baki da sahur ko ya bar na rana.

Gareji_Yelwa: Wannan dabarar ta "don in tabbata ban manta ba" tana aiki a gareji ma. Kafin a kwance komai ka maimaita masa: za mu canza sarƙa da haƙoranta gaba da baya, ba za mu taɓa inji ba, kuɗin kaya kaza, na hannu kaza, in muka buɗe muka ga wani abu zan kira ka kafin in saya. Kuma tsohon kayan da aka cire a ajiye masa a leda. Zargin "ya ce ya canza bai canza ba" a nan yake mutuwa.

Dabbobi_Ngaundere: Ku naku masu magana ne, mu marar lafiyarmu ba ta magana, mai ita kuma ba ya son yawan magana. Bafulatani zai amsa maka da "jam", wato lafiya, ko da saniya uku na kwance. Kunyarsu, abin da suke kira semteende, ba ta barin mutum ya fara da kuka. In ka sauka daga babur ka fito da sirinji ka ce "ina marar lafiyar," ka rufe ƙofa. A gaisa, a zauna, a tambayi ruwa da ciyawa, da inda garken ya yi rani. A cikin wannan hirar ce za ka ji sun sauka bakin kogi inda ƙudan tsando yake, ka fara tunanin sammore tun ba ka ga saniyar ba.

Kar ka tambayi yawan shanunsa. Al'ada ba ta so, ga tsoron haraji, ga masu garkuwa da mutane da suka addabi makiyayan yankin nan. Ka ce "maganin kai nawa za mu tanada?" Sai babbar tambaya, me ya riga ya yi mata, domin kusan ba a kiranmu sai an gwada na kasuwa. Fakitin diminazin, maganin sammore, mai giram 2.36 na dabba mai kilo 300 ne. Makiyayi kan raba shi wa shanu biyu ko uku don ya tsimi kuɗi, ko ya ba bijimin gudali mai nauyin da ya wuce haka fakiti ɗaya, ciwon ya lafa ya dawo, ƙwayar cutar ta saba da maganin. In ka yi masa faɗa, karo na gaba zai ce bai ba ta komai ba, kai kuma ka maimaita abin da ya riga ya kāsa ko ka ninka mata. Ka ce ya kawo fakitin ku duba tare. Kuma ka saurari abin da ya lura da shi, mutumin da ya san kowace saniya da suna da uwarta ya riga ka ganin ranar da ta fara ja baya a garke. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Alhaji_Kanti237: To duk wannan zaman da gaisuwar wa ke biyan kuɗinsa? Likitan dabbobi ya yi awa ɗaya a ruga yana shan nono.

Dabbobi_Ngaundere: Alhaji a karon farko ne ake yin awa. In ya yarda da kai, gaba da waya zai kira ka tun ranar farko, ya kuma kawo maka 'yan'uwansa lokacin rigakafi. Allurar da Lanavet, cibiyar haɗa rigakafin dabbobi ta Kamaru, ke yi a Garwa tana nan, abin da ke hana ta isa jikin shanu sau da yawa rashin yarda ne da mai riƙe da sirinjin.

Magini_Farsha: Ina so in ja birki kaɗan, kar yara su ɗauka sauraro shi ne yi wa mai aiki duk abin da ya ce. A gini in ka bi son ran mai gida sai ka kashe shi. Buhun siminti kilo 50 yana ba da bulo mai kaurin santimita 15 kamar 30 zuwa 35. Mai gida zai ce a fitar masa da 50. Zai ce a rage zurfin tushe, alhali ƙasar Injamena da Kuseri da Yagwa akwai laka mai kumbura da damina ta tsage da rani, ga ambaliyar da aka gani a 2022 da 2024. Zai ce a haƙa masai kusa da rijiya don fili ya yi kaɗan, alhali ana son tazarar kamar mita 30. Duk waɗannan a'a ce.

Amfanin sauraro a nan shi ne ka gano me ya sa yake faɗa. Wanda ya ce a ƙara bulo ba bulo mai rauni yake so ba, kuɗinsa ne ba su kai ba, yana jin nauyin faɗa. Sai ka fito da lissafi: murabba'in mita ɗaya na bango yana cin bulo 12 da rabi, ga abin da ɗaki biyu za su ci, ga na uku. Mu gina biyu masu ƙarfi bana, mu zuba tushen na ukun mu bar ƙarafa a tsaye. Ka ƙi abin da ya nema, ka biya masa buƙatar da ta sa ya nema. Kuma kafin a ja igiya a tambayi yadda gidan ke rayuwa: baƙi maza a ina suke tsayawa, ana son zaure, mata nawa, ina za a yi girki da itace, ban-ɗaki kar ya fuskanci alƙibla. In da hali a ji ta bakin uwargida, ita ce za ta yini a ciki. Ana yawan rushe bangon da aka gama saboda ba a tambaye ta ba.

Hajiya_Baladji: Allah ya saka Malam Magini, musamman ta ƙarshen nan.

Nas_Kuseri: Maganar uwargida ta kawo mu batun tafinta. A nan rana ɗaya za ka ji Larabci, Fillanci, Kotoko, Barbarci, Faransanci da Hausa. Kuskuren da ake yi shi ne a juya ga tafinta ana cewa "tambaye ta," ita kuma tana zaune kamar kaya. Ka dubi marar lafiyar, ka yi mata magana ita, jimla gajera, tafinta ya juya. In ta yi magana mai tsawo ya dawo maka da kalma biyu, ka ce ya faɗi duka. Kar a sa yaro ya fassara wa mahaifiyarsa ciwon mata, ba za ta faɗa ba. In miji ne ke amsa komai, ba a korarsa da gatsali. Ana cewa "Malam, za mu duba ta, ka ɗan jira mu a waje," sai a nemo ma'aikaciya mai jin yaren.

MaiWaya_Dembe: Ba wanda ya taɓo mai fushi. Mutum ya dawo yana ɗaga murya a gaban shago, mutane sun taru. Abin da yara ke yi shi ne su fara kare kansu tun bai gama ba, wuta ta ƙaru. A ba shi kujera daga ciki, nesa da 'yan kallo, domin rabin ihun don su ne. A bar shi ya zazzage. Sannan ka faɗi abin da ya same shi yadda ya faɗa: ka kawo ranar Litinin, an ce Laraba, yau Asabar, kuma cajin bai gyaru ba. In ya ce "haka ne," murya ta sauka. Daga nan ka faɗi abin da za ka yi da ranar da za ka yi. In laifinka ne ka ce naka ne, kar ka jingina wa yaro ko wutar lantarki. In ba naka ba ne, misali wayar ta sake faɗawa ruwa, ka buɗe ka nuna masa tsatsar da idonsa, ba tare da ka ce ya yi ƙarya ba. Ka bar masa hanyar da zai janye bai ji kunya ba.

Tela_Domayo: Mu a wajenmu fushin kusan duk na alkawari ne. Sati biyu kafin Sallah, ko kafin 8 ga Maris da matan Kamaru ke ɗinka atamfar ranar mata, tela ya san kala nawa kekensa ke fitarwa a rana, amma ba ya iya cewa a'a. Wannan ma rashin tausayi ne da ya sa rigar kirki. In kana gama kala uku a rana, saura kwana goma, talatin ne iyakarka, in ka cire kwana biyu na ɗaukewar wuta ya koma ashirin da huɗu. Na ashirin da biyar a gaya masa gaskiya tun yana da lokacin zuwa wani shago. Kuma a tambayi ranar da za a sa kayan, ba ranar da ake so a karɓa ba. Wani zai ce Alhamis alhali bikin sai sati na sama, wata za ta ce "duk lokacin da ka gama" alhali jibi za ta hau jirgin ƙasa daga Ngaundere zuwa Yawunde.

Amma har yanzu ba a amsa min ta biyun ba. Ana koya wa yaro?

Gareji_Yelwa: Ana koya, amma ba da wa'azi ba. Ka tsayar da shi kusa da kai lokacin karɓar aiki, bakinsa a rufe. In mai babur ya tafi ka ce ya maimaita maka abin da mutumin ya faɗa, ba abin da shi yake zaton ya lalace ba. Satin farko za ka ga yana tsallake rabi. Bayan wata ɗaya ka bar shi ya karɓa, kai ka tsaya a baya.

Farmasi_Kakatare: Tambayoyin ana koya su, har a rubuta a manna a bango. Abin da ban tabbata ana koyawa ba shi ne yaro ya daina raina wanda ya shigo da tsohuwar riga. Wanda maigidansa ke miƙewa in mai mota ya zo, ya amsa wa ɗan ƙauye yana kallon waya, abin da zai ɗauka ke nan ko me aka manna a bango.

Alhaji_Kanti237: Ni dai har yanzu ina kan bakana a kan bashi. Amma na buga lamba a waya a nuna wa mai ciniki zan sa yarana su fara, don masu tsallako gadar Ngeli suna ba mu wahala da riyal ɗin nan.

Dalibi_Dang: Malam Magini, wanda ke zaune a Duwala ko Faransa yana turo kuɗi a yi masa gini a gida, ba ka ganin fuskarsa, ɗan'uwansa ne ke tsaye a wurin kuma maganarsu ta sha bamban, ta wa za ka bi?

Magini_Farsha: Ta mai kuɗin, amma ba a bayan idon ɗan'uwan ba. Ka buɗe zaure na mutum uku a WhatsApp, duk canjin da zai taɓa kuɗi ko fasalin gida a faɗe shi a can da saƙon murya, mai gidan ya amsa da bakinsa kafin a ɗora bulo. Hoto kowace Juma'a, da na rasiɗin siminti da ƙarfe. In ɗan'uwan ya ce a canza wani abu a wurin aiki, ka ce "to Yaya, bari mu sa a zaure ya ji." Wanda kuma ba a ganin fuskarsa, a kira shi da bidiyo ranar da za a ja igiya, a zagaya da shi filin yana kallo, don a takarda ɗaki mai mita 3 da 3 yana yi wa mutum kama da babba.